Kakuri da Maƙera: Garin da Albashi Ya Gina a Ƙetaren Kogin Kaduna

Duk wanda ya yi wayo a Najeriya kafin shekarar 2000 ya san Peugeot 504, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Ita ce motar gwamna da kwamishina, ita ce ta alƙali da hakimi, doguwarta kuma ita ke lodin fasinja bakwai daga Kaduna zuwa Jos ko Sakkwato. Garuruwa biyu ne suka yi tarayya a kanta. Na farko Sochaux, wani ɗan ƙaramin gari a gabashin Faransa, daf da iyakar Suwizalan, inda uwar masana'antar Peugeot take. Na biyu Kakuri, a ƙetaren kogin Kaduna, inda Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin a watan Maris na 1975. A shekarun farko, lokacin da jiragen siminti suka cushe tashar ruwa ta Legas, ta sama ake kawo sassan motar: jiragen dakon kaya su ɗauko daga Liyon su sauke a Kano, manyan motoci su ƙaraso da su Kakuri.

Aikin masana'anta ne ya raini garuruwan nan biyu, amma makomarsu ba ta zo ɗaya ba. Sochaux tana lardin Doubs, manne da birnin Montbéliard, faɗinta bai cika murabba'in kilomita 3 ba. Kafin iyalan Peugeot su kafa masana'anta a filayenta a 1912, ƙauye ce ta mutum 'yan ɗaruruwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antar na ɗauke da ma'aikata kusan 40,000, wato ninkin mazauna garin wajen sau shida, yawancinsu bas-bas ke kwaso su daga garuruwan kewaye, wasu kuma 'yan ci-rani ne daga Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Yugoslabiya. A ƙidayar 1975 garin ya haura mutum 6,000. Daga nan na'urori suka fara cin gurbin hannu, aka rarraba aikin zuwa wasu ƙasashe, ma'aikata suka koma ƙasa da 10,000, mazauna garin suka sauko wajen 4,000. Aiki ya ragu, mutane suka ragu. Duk wannan a rubuce yake, domin Sochaux ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomin Faransa kusan 35,000. Tana da magajin garinta da majalisarta da kasafin kuɗinta, kuma a ƙasar duk garin da bai kai mutum 10,000 ba ana ƙidaya shi kaf kowace shekara 5.

A Kakuri aiki ya ragu fiye da haka nesa ba kusa ba, mutane kuwa ƙaruwa suka yi ta yi. Wannan shi ne abin da ya kamata a fahimta game da ƙetaren gada, kuma ba a fahimtarsa sai an koma kan ƙasar da kuma yadda aka yi mutane suka taru a kanta.

Kogin Kaduna yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya zube a Kwara daura da Fategi. Idan ya iso birnin Kaduna sai ya bi ta gefen Malali da Unguwar Rimi da Kabala, ya lanƙwasa ya fuskanci yamma, ya bar unguwannin Turawa da sakatariya da barikokin soja a arewa. Abin da ya bari a kudu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai jan marmara, da fadama a bakin ruwa, da ƙananan rafuka irin su Romi da ke gangarowa su faɗa cikinsa. Damina a nan doguwa ce, daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu har Oktoba, ruwanta ya fi mita ɗaya a shekara. Ƙasar doya ce da dawa da masara, kuma tun kafin Bature ya san da ita Gbagyi ke nomanta. Kakuri da Narayi da Romi da Kudenda da Gonin Gora duk ƙauyukansu ne da birni ya zo ya tarar, ya kewaye, ya haɗiye. Da rani kogin kan janye har duwatsun tsakiyarsa su fito, masu wanki su shanya kaya a kansu. Da damina kuwa ba ya jin kira. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2003, ko ta 2012, ya san cewa gidajen da aka gina a fadamar Barnawa da Nasarawa a kan aro suke zaune.

Jirgin ƙasa ne ya fara jawo baƙi. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa nan a hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya isa a 1911, kuma a kudancin kogin aka kafa babbar tasha. Gwamna Lugga ya ga wurin ya yi masa: ga ruwa, ga jirgi, ga fili, kuma babu fadar wani babban sarki a kusa da za a yi ta kai ruwa rana da ita. Aka fara kwaso sojoji, a 1917 kuma hedkwatar Jihar Arewa ta baro Zungeru ta dawo Kaduna. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da na Legas a wannan tasha. Tun daga ranar aka yi rabon da har yau ba a warware ba. Arewacin kogi ya ɗauki mulki, da gidan gwamna da majalisa da kotu da filin sukuwa. Kudu ta ɗauki leburori da masu gyaran tarago da ɗakunan ajiyar kaya, daga baya kuma gidan yari na Kakuri da gidan horon kangararrun yara. Mishan ma nan suka samu fili: makarantar 'yan mata da yanzu ake kira Kwalejin Sarauniya Amina 'yan Katolika ne suka kafa ta a 1940, asibitin St. Gerard ma nasu ne.

Abin da ya mai da wurin gari shi ne masaƙa. Gwamnatin Sardauna ta duba ta ga audugar Funtuwa da Gusau da Zariya na tafiya Ingila a ɗaure, ta dawo a matsayin yadi da tsada. A 1955 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha, a 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara fitar da akoko. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Arewa. Cikin shekaru goma sai ga Nortex, ga Arewa Textiles ta Japanawa, ga UNTL da attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, wadda ta zo ta fi su duka girma. A 1963 kamfanin giya ya buɗe reshe a Kakuri, a 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma. Peugeot ta zo a 1975, matatar mai da Japanawa suka gina a hanyar Kachiya ta fara aiki a 1980. Dalilan zaɓen wurin a fili suke: dogo na shiga har cikin harabar masana'anta, kogi na bayar da ruwan rini, fili kuma ba ya ƙarewa. Akwai wani dalilin da ba a cika rubutawa ba, wanda ni nake ganin ya yi tasiri: hayaƙi da wari da hayaniyar leburori sun yi nisa da gidajen manya.

Wanda bai ga canjin aiki a Kakuri ba a shekarun 1970 da 1980, da wuya a kwatanta masa. Injinan ba sa kwana, saboda haka ma'aikata kashi uku ne, na safe da na rana da na dare. Jiniya na kaɗawa sai ƙofa ta buɗe, masu fita su yi karo da masu shiga, titi ya cika maƙil da kekuna har mota ta rasa hanya. Ana gane wanda ya fito daga sashen kaɗi da burbushin auduga a gashin kansa da girarsa. Ana gane na sashen saƙa da ɗaga murya, domin ya yini cikin ƙarar ɗaruruwan injina inda magana sai da hannu, kunnensa bai dawo daidai ba tukuna. A bakin ƙofa mata na zaune da tukwanen shinkafa da wake da tuwo da sakwara, kowace da littafinta na bashi, ba a biya sai ƙarshen wata. Mai shayi ma haka, mai gyaran keke ma haka, mai gidan haya ma haka. Ranar albashi kuwa har Kasuwar Monday ta san an biya, mahauta su ƙara yanka, teloli su kwana a kan keke. Mutum ɗaya ne ke shiga masaƙa, amma bakin da ke ci daga aljihunsa a waje ya fi goma, ban da na ƙauye da ake aika wa kuɗin taki da na makaranta.

Ba a rasa ɓarna ba. Magudanar da ta ratsa Kakuri da Maƙera ta faɗa kogi ita ke kwashe ruwan rini, kuma yaran unguwa kan san kalar atamfar da ake bugawa ranar daga kalar ruwan: yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi ƙirin mai kumfa da ɗumi. Ƙasa kaɗan da nan masu lambu ke jan ruwa su shayar da alayyafo da latas da ake kai wa kasuwannin gari. Mutanen da ke bakin rafin Romi su ma sun daɗe suna kuka da abin da ke gangaro musu daga wajen matatar mai. Masu begen zamanin masaƙu kan tsallake wannan babi.

Su wane ne suka cika garin? Hausawan Zazzau da Katsina da Kano sun zo, wasu aikin masaƙa, da yawa kuma kasuwanci da fawa da dako. Amma kaso mai tsoka na waɗanda suka tsaya gaban injin daga kudancin lardin Zazzau da tsakiyar Najeriya suka fito: Bajju da Atyap da Ham da Adara, da Tibi da Idoma da Igala da Ibira, da mutanen Filato, ga Nufawa da Yarabawa da Ibo da mutanen Edo. Makarantun mishan sun ba su takardar firamare da ta sakandare a lokacin da masaƙa ke neman mai iya karanta lamba a jikin injin. Suka zauna a gidajen haya na ɗaki-ɗaki a Kakuri da Maƙera da Nasarawa da Tirkaniya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya. Harshen da ya haɗa su Hausa ce, har a coci, inda ake wa'azi da waƙa da ita. Yaron da aka haifa a irin wannan gida, ko sunansa Bulus ko Terna ko Sunday, Hausarsa ba ta da maraba da ta Sani ɗan maƙwabcinsu.

Wurin ya fitar da mutanen da ƙasa ta sani. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki yana saurayi, a nan ya shiga harkar ƙungiya, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya daga 1999, daga baya ya hau kujerar gwamnan Edo. Hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙun har yau a Kaduna take, a wannan ɓangaren na kogi. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, a kulob ɗin UNTL ya fara taka leda. A nan ma akwai kama da Sochaux, inda Peugeot ta kafa kulob ɗin garin a 1928 don ma'aikata su samu abin kallo ranar hutu, ta riƙe shi har 2015 kafin ta sayar. Masana'anta ba albashi kaɗai take bayarwa ba. Tana ba da asibiti da fili da kulob da ƙungiya, tana kuma ba mutum wani suna da zai amsa ban da na ƙabilarsa da addininsa. A taron ƙungiya ba a tambayar inda kake salla kafin a ba ka lasifika, sashen da kake aiki ake tambaya.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da sinadaran rini da ake sayowa waje suka yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar cinikin auduga, ba a kafa wani abu a gurbinta ba, iri ya gurɓace, manomi ya koma masara. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowace masaƙa ta koma ba kanta wuta da janareta. Baƙin man da tukunyar tururi ke sha, wanda matatar da ke maƙwabtaka da su ya kamata ta wadata su da shi, ya zama sai da hanya da dogon layi. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, da aka dawo da shi daga baya kuma 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun gane hanya. Atamfar da aka buga a Sin, wani lokaci da zanen masaƙun Kaduna da tambarinsu a gefe, ta sauka Kwatano, ta bi ta Nijar, ta shigo Kantin Kwari a farashin da ko kuɗin audugar mai saƙa a gida bai kai ba. A kan wannan a ƙara tsofaffin injina da sakacin shugabanci, musamman a masaƙun da gwamnati ke da hannu.

KTL ta rufe a 2002. Nortex da Finetex da Arewa suka bi bayanta cikin shekaru uku. UNTL ta yi ta maza har 2007, ta sallami ma'aikata kimanin 4,000. An sake buɗe ta a ƙarshen 2010 da rancen gwamnatin tarayya ta hannun Bankin Masana'antu, amma ba ta koma ko kusa da yadda take ba. Peugeot ma ta bi layi: aka sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya kai ta hannun hukumar AMCON a 2012, gwamnatin da da ba ta hawa sai Fijo ta koma sayen manyan motocin Japan. Ma'aikacin Sochaux da aka rage ya tafi da kuɗin sallama da fansho da alawus na rashin aiki. Dubban ma'aikatan KTL kuwa an rufe ƙofa ne ba a biya su haƙƙinsu ba, suka shekara ashirin suna zarya da kwalaye a hannu. Wata masaniya Ba'amurkiya, Elisha Renne, ta rubuta littafi guda a kan mace-macen waɗannan ma'aikata da halin da matansu da marayunsu suka shiga. Da yawa sun koma acaɓa da gadi da noma a bayan gari. Kaɗan ne suka koma ƙauye, domin wanda ya shekara talatin a Kakuri, 'ya'yansa ba su san wani gida ba.

A daidai wannan tsakani ne garin ya kama da wuta. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu na 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000 a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch, na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 ya ci kimanin 250, sannan aka sake a 2011 bayan zaɓe, aka kuma a 2012. Kowane tashin hankali sai ya bar ƙaura a bayansa. Kirista ya sayar da gidansa na Rigasa ko Tudun Wada ya ƙetaro, Musulmi ya sayar da nasa na Television ko Narayi ya haura, wasu ma musanya suka yi, gida da gida. Har aka kai ga masu barkwancin da ba shi da daɗi na kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Urushalima. Ba na cikin masu cewa talauci ne kaɗai ya haddasa faɗan. An yi kashe-kashe a Kaduna a 1966 da 1992 alhali injina na gudu, kuma masu hura wutar ba mayunwata ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin faɗa da rabuwa. A da, in an yi rikici an lafa, ranar Litinin dole Musa da Markus su tsaya gaban injin ɗaya, dole su yi magana, ko da ta zare ce. Bayan 2002 babu wannan dolen. Wurin da ke tilasta wa mutane haɗuwa kullum ya rufe a shekarun da aka fi bukatarsa, sai kowa ya nemi tsaro a cikin nasa.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka kogin ya raba garin biyu cif. Kakuri Hausa da Maƙera da wani sashe na Nasarawa har gobe cike suke da Musulmi, da masallatan Juma'a da makarantun allo. Barnawa a cakuɗe take. Mahautan da ke kasuwar Sabon Tasha da masu kayan gwari da 'yan tireda kullum sai sun ƙetaro da safe, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar Sheikh Gumi kuma su haura. Da rana garin ɗaya ne. Wurin kwana ne aka raba.

Wannan ƙaura ita ce ta kumbura kudu. Sabon Tasha, wadda ba ta wuce 'yar tashar jirgi da kasuwar gefen hanya ba, ta zama gari mai zaman kansa. Unguwar Boro da Unguwar Pama da Kamazo da Mahuta da Maraban Rido suka cinye gonakin Gbagyi, Romi da Gonin Gora suka miƙe a hanyar Abuja. A 'yan shekarun nan kuma wasu baƙin suka ƙaru, mutanen ƙauyukan Chikun da Kajuru da 'yan bindiga suka tarwatsa. Mai unguwa da dillali ne suka yanka yawancin filayen nan, gini ya riga titi da magudana da famfo zuwa. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna gaba ɗayanta mutum kusan 150,000, kuma a kan irin wannan adadi ne Bature Max Lock ya tsara taswirar da aka buga a 1967, wadda ta yi hasashen birnin har zuwa 2017. Garin ya tsere wa taswirar tun kafin a je rabin zango.

To mutum nawa ne ke kwana a kudancin kogi yau? A nan ne tsarin mulkinmu ke ba da kunya. Kalmar Kaduna ta Kudu kanta abu uku take nufi. Akwai Kudancin Kaduna na su Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, mai nisan tafiyar sa'o'i. Akwai ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu mai hedkwata a Maƙera. Akwai kuma ƙetaren gada, wanda shi mutanen gari ke nufi. Na biyu da na uku ba ɗaya ba ne. Daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar, 5 ne kawai ke kudancin kogi: Maƙera, Barnawa, Television, Kakuri Hausa da Kakuri Gwari. Sauran 8, irin su Tudun Wada da Tudun Nufawa da Unguwar Sanusi da Badikko, a arewa suke. Nasarawa kuwa, wadda katanga kawai ta raba ta da masaƙu, tare da Sabon Tasha da Narayi da Romi, duk a ƙaramar hukumar Chikun suke, hedkwatarsu na can Kujama, a haɗe da dazuzzukan da suka miƙe har iyakar jihar Neja. Ƙidayar 2006 ta ba Kaduna ta Kudu mutum sama da 400,000, ta ba Chikun kimanin 370,000, amma a matakin ƙaramar hukuma aka tsaya wajen fitar da sakamako, kuma da gangan aka cire tambayar addini da ta ƙabila. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wanda ya ce maka su ne suka fi yawa a ƙetaren gada, ko a hayin gada, da rajistar zaɓe da cikar masallaci ko coci yake lissafi. Garin da ya isa a kira shi birni a ko'ina a duniya ba shi da shugaba ɗaya da za a riƙe, ba shi da kasafi, ba shi da adadi. A 2021 gwamnatin jiha ta kafa hukumar kula da babban birnin, wadda ta haɗo Kaduna ta Arewa da ta Kudu da sassan Chikun da Igabi, kusan irin yankin babban birni da gwamnatin Jihar Arewa ta taɓa yi a 1956. Tunanin ya yi daidai, sai dai shugabanta naɗi ne, ba zaɓe ba.

An yi ayyuka, kada a ci haƙƙin kowa. Da gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ce kusan kaɗai mashiga, in ta toshe gari ya tsaya. Yanzu akwai ta hanyar Nnamdi Azikiwe ta yamma, da ta hanyar Yakowa ta gabas, da wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa a zamanin Nasir El-Rufa'i. Sai dai manyan abubuwan da suka zo daga baya sun kauce wa tsohon garin masana'antu. Jirgin Abuja da ya fara aiki a 2016 a Rigasa yake tsayawa, tsohuwar tashar da ta haifi Kaduna ta koma gefe. Kamfanin abincin kaji na Olam da sabuwar masana'antar Peugeot ta Ɗangote, wadda ta fara fitar da motoci a 2022, can hanyar Abuja suka nufa, bayan gari. Abin da Kakuri ta samu shi ne tashar kaya ta kan tudu da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2018, wadda akasarin aikinta karɓar kwantenar da ta shigo daga waje ne.

Abin da ya rage mata mai daraja shi ne fili. Harabar masaƙun nan manya-manya ne, suna tsakiyar birni, dogo na gefensu, babban layin wuta na bi ta kansu, kuma suna daidai inda mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha za su iya zuwa aiki ba tare da ɗayansu ya ji ya shiga unguwar da ba tasa ba. Irin wannan wuri ba shi da yawa a Kaduna ta yau. Ban ga alamar masaƙa mai ɗaukar mutum dubu biyar za ta dawo ba, ko a Sin ma injin ya rage hannu. Amma rumfunan da ke tsaye za su iya ɗaukar ɗaruruwan ƙananan masu sana'a, teloli da masu walda da kafintoci da masu sarrafa citta da waken suya, in an ba su wuta tsayayya da haya mai sauƙi. In kuwa aka yanka filayen aka sayar a matsayin fulotai, za a samu ƙarin gidajen kwana ne kawai, a garin da ba gidajen kwana ya rasa ba, kuma kowane rukuni zai ɗauki launin waɗanda suka fara saye. Wa zai yanke wannan hukunci? Wasu masaƙun na hannun bankuna da masu bin bashi, wasu na hannun masu su da ke ƙasashen waje. KTL kuwa, uwarsu duka, mallakar jihohin Arewa 19 ce. A cikin gwamnoni 19 da ke da ta cewa a kan makomarta, ɗaya ne tak mutumin Kakuri ke iya jefa wa ƙuri'a ko ya hana shi.